Na gaji tsohuwar Sansui mai lasifika huɗu: gyara ta zan yi, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, a ɗakin ajiyar kayan marigayi kawuna na tarar da tsohuwar risiba, wato rediyo mai amfilifaya, ƙirar Sansui QRX-7001, mai wurin jona lasifika huɗu. An daɗe rabon da a kunna ta. Ta cancanci a kashe mata kuɗin gyara? Ta ina ake farawa? In kuma mutum yana sha'awar tara irinsu, waɗanne zai nema?

Amsa: Allah ya jiƙan Kawu, ya kyautata namu zuwan. Ɗan'uwa, ta cancanci gyara. Amma ina roƙonka kada ka jona ta da wuta tukuna, ko da don ka ga fitilunta sun kama ne. Na'urar da ta kai shekara 50 a duniya, ta kuma daɗe a ajiye, sau da yawa a kunnawar farko ake lalata ta. Kafasita guda ce za ta haɗe a ciki, kafin ka kai hannu ga soket taransifoma ko manyan taransistoci sun tafi, alhali lafiyarsu ƙalau suke kwance.

Duk shawarar da zan ba ka a kan ma'auni ɗaya take. A cikin akwatin nan akwai kayan da ake samu a kasuwa har gobe, akwai kuma waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi yawancin masu gyaran yau. Na farkon ko sun mutu duka ba asara ba ce, aiki ne kawai. Na biyun su ne darajar na'urar. Su ake dubawa kafin a saya, su ake karewa lokacin gyara.

Risiba dai rediyo ce da amfilifaya a akwati ɗaya. Taka kuwa amfilifaya huɗu gare ta, kowanne wat 35, biyu na gaban mai sauraro, biyu na bayansa. Tsarin kwadirafonik ke nan, wanda kamfanonin Amurka da Jafan suka duƙufa a kai daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun. A kan tef abin bai ba da wahala ba, layi huɗu ake ɗauka, kowace lasifika da nata, kamar yadda aka yi a kaset ɗin Q8. Wajen faifan garmaho gizo ya yi saƙa. Ramin da allura take bi bango biyu gare shi, na hagu da na dama. To ina za a sa sauran biyun?

Amsa uku aka bayar, kuma ba wadda take jin yaren 'yar'uwarta. Kamfanin CBS ya fito da SQ a 1971, aikin injiniyansa Benjamin Bauer. Sansui ya fito da nasa, QS. Waɗannan biyun dabararsu ɗaya: a cusa sautin baya cikin na gaba bayan an karkatar da igiyarsa, sannan a gida wata da'ira da ake kira dikoda ta sake warware su. Kamar ka zuba gero da dawa a buhu ɗaya ne ka ce a rarrabe maka. Za a yi, amma kyan aikin ya danganta ga mai tsincewar. Dikodar SQ ta farko, wadda ba ta da wata dabara ta ƙari, tazarar da take bayarwa tsakanin gaba da baya desibel 3 ce kacal, wato da ƙyar kunne zai ce ga inda sauti ya fito. Mutane da yawa irin wannan suka saya, suka ji ba wani bambanci, suka ce abin zamba ce. Na ukun shi ne CD-4, wanda JVC ya ƙirƙiro, RCA ya runguma, kuma shi hanyarsa daban ce, zan dawo kansa. Mai saye ya rasa wanda zai kama, lasifika huɗu kuma kuɗi ne, ga neman wurin ajiye su a falo. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni sun tattara sun koma sitiriyo.

Sa'ar da ka yi ita ce taka ta ƙarshen zamanin ce, lokacin da Sansui ya riga ya goge. Dikodarta, wadda suka sa wa suna Vario-Matrix, tana sauraron inda sauti ya fi rinjaye tana daidaita kanta nan take, har tazarar ta kai wajen desibel 20 ta kowace fuska. A ganina ba wata risiba ta wancan lokacin da ke da dikodar ciki da ta kamo ta. Tana warware QS, tana warware SQ daidai gwargwado, ga sashen CD-4 a ciki. Zuciyar wannan dikoda 'yan IC ne (ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa) na Hitachi, masu lamba HA1327, HA1328 da HD3103. Ba a yin su yanzu. In ɗaya ya ƙone, galibi sai dai a ciro daga wata matacciyar Sansui. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an "gyara" irin wannan na'ura ta hanyar tsallake dikodar da waya don dai sauti ya fito. Wanda ya yi haka ya mayar da ita sitiriyo mai nauyin banza, ya jefar da abin da ya sa ake nemanta.

Fara da ido da hanci. Juya bayanta ka karanta wutar da aka rubuta. Da yawa daga cikin Sansui na lokacin suna da wurin zaɓa tsakanin bolt 100, 120, 220 da 240. In taka tana da shi, sa ta a 240, domin wutarmu 230 ce a rubuce, kuma gara na'ura ta ɗan ji yunwa da ta ƙoshi fiye da kima. Duba fiyus ɗin kuma, ka tabbata girmansa ya dace da wannan zaɓin, ba wata waya aka naɗa a madadinsa ba. In kuwa 120 kaɗai aka rubuta, ta kasuwar Amurka ce, sai da taransifomar rage wuta, kuma ka sayi mai ƙarfin wat 1000 don kada ta riƙa yin zafi. Daga nan buɗe murfin ka sunsuna taransifomar ciki. Ƙaurin ƙonewa ba ya ɓuya ko bayan shekaru. Auna wayoyin shigarta da mita ka ga ba su yanke ba. In ta ƙone, gwanin naɗin koyil zai iya sake ta idan ya ƙirga zagayen kowane layi kafin ya warware, amma irin wannan gwani nema ake yi, kuma darajar na'urar wajen masu tarawa ta riga ta ragu. Sai ka duba maɓallan dannawa da na murɗawa, gilashin fuska, da alluran mitoci. Duk waɗannan suna cikin abin da ba ya sayuwa.

Abin da za ka tarar a ciki na san shi: ƙurar hunturu ta shekara da shekaru, kashin kyankyaso, wataƙila gidan zanzaro a wani lungu. Mafi muni fitsarin ɓera, domin yana cin layukan tagulla na fanel har su yanke. Buroshi mai laushi da iska su ne farko. Kada ka bari a wanke maka ita da fetur, yana cin roba yana goge rubutu. Kafin ka cire ko waya ɗaya, ɗauki hoton kowane lungu da wayarka, musamman yadda zaren allurar neman tasha ya zagaya ƙafafunsa, don in ya kuɓuce mayar da shi yini guda ne. Ka nemi littafin gyara na kamfanin, mai taswirar wayoyi da lambobin saiti. Ana samunsa a intanet, kuma ban yarda kowa ya sa ƙarfen dalma a wannan na'ura ba tare da shi ba.

Kunnawar farko ta bayan ƙwan fitila ake yin ta. Ka samo ƙwai irin na da, mai zaren wuta a ciki, wat 100, ka yanka ɗaya daga cikin wayoyin wutar ka sa shi a tsakani, ta yadda duk wutar da za ta shiga risibar sai ta bi ta cikinsa. Ƙwan LED ko na rage cin wuta ba ya wannan aiki. Babu lasifika a jone, murya a ƙasa. In lafiya, ƙwan zai haska sau ɗaya ya dushe, bayan 'yan daƙiƙoƙi ka ji rilen kariya ya yi ƙyas. In ya tsaya da haske tar, akwai inda ya haɗe, amma ƙwan ya shanye wutar, ba abin da ya ƙone. Kashe ka nema. In ta wuce wannan, ɗora mita a bakin kowace lasifika, duka huɗun, ka auna wutar DC. Ƙasa da milibolt 50 ba laifi. In ka ga ɗaruruwa, ko ta kai bolt guda, kada ka jona lasifikar da kake so. Kuma ka sani manyan kafasitocin nan na tsakiya suna riƙe wuta bayan an zare soket, sai an sauke ta da rezista kafin a sa hannu.

Rabin ciwon waɗannan na'urori datti ne a maɓalli. Sauti a risiba mai hanya huɗu yana ratsa maɓallai da yawa kafin ya kai lasifika, kowanne kuma baki huɗu gare shi. Hanya ɗaya ta ɗauke, ko tana zuwa tana tafiya, sai a ce taransista ce, alhali tsatsa ce. A fesa maganin wanke maɓalli na ainihi, irin DeoxIT, kaɗan, a danna a saki sau da yawa. Man kwance tsatsar ƙusa ba na nan ba ne, yana barin maiƙo mai tara ƙura. Kuma kada feshin ya kusanci faranti masu shiga juna na sashen neman tasha.

Bayan wannan sai canjin kaya, kuma bi da bi ake yi: sashen wuta, sai na kariya, sai amfilifaya huɗun, sai sashen murya, dikoda a ƙarshe. Gama fanel ɗaya, ka kunna ta bayan ƙwai ka saurara, sannan ka wuce. Wanda ya canza komai a zama ɗaya, in matsala ta ɓullo bai san inda zai nufa ba. Kafasitoci masu ruwa a ciki sun bushe, a canza su da masu ƙima ɗaya, bolt ɗinsu daidai ko sama, masu jure zafin digiri 105, domin amfilifaya huɗu a akwati ɗaya a watan Afrilu ba wasa ba ne. A kula da kai da gindinsu; a bi yadda tsohuwar ta zauna, don rubutun kan fanel wani lokaci yana da kuskure. Akwai ƙananan taransistoci da masu gyara suka daɗe da sanin halinsu, irin su 2SC458, 2SA726 da 2SC1313. Su ne masu kawo shuu da tartsatsi a lasifika, har su sa rile ya riƙa yankewa. Ana maye gurbinsu da KSC1845 da KSA992, sai dai jerin ƙafafunsu ba lallai ya zo ɗaya da na tsohon ba, a duba kafin a dalmace. Dayod mai lamba VD1212, in akwai shi, a cire a sa 1N4148 guda biyu a jere. Sansui na wannan zamanin kuma suna da wasu rezistoci da aka yi su don su ƙone a madadin fiyus. Da tsufa ƙimarsu takan hau ninki-ninki, a auna su ɗaya bayan ɗaya. Manyan taransistocin ƙarshe kuwa, in suna da rai a bar su, a sabunta musu farin man da ke kai zafi ga ƙarfen sanyaya kawai. Jabunsu sun cika kasuwa, lamba daidai, ciki fanko, kuma ranar da jabu ya tafi yakan ja na kusa da shi. Daga ƙarshe a saita wutar zaman kowane amfilifaya, wato wadda yake ja ko ba sauti, yadda littafin ya ce, bayan an cire ƙwan, na'urar ta ɗumama.

Akwai kuma abin da nake so ka hana kowa taɓawa. A fanel ɗin dikoda za ka ga ƙananan kafasitoci marasa ruwa, na roba, wasu kamar gilashi. Su ne suke karkatar da igiyar sauti daidai yadda ake so, kuma an zaɓe su ne da ƙima takamaimai. Ba sa tsufa kamar masu ruwa, canza su ɓata rabon sauti ne. Haka 'yan maɓallan saiti na kan wannan fanel da na sashen rediyo. Hannun mai gyara yana ƙaiƙayi in ya gan su, amma saita su sai da injin ba da sautin gwaji da osiloskop, wato na'ura mai nuna hoton igiyar sauti a gilashi. Baƙaƙen dunƙulen da ke cikin koyil ɗin rediyo kuwa sukudireban ƙarfe yana fasa su. In mai gyaranka ba shi da waɗannan kayan aiki, ya bar su yadda kamfani ya bar su. Sau da yawa da an canza kafasitocin da suka bushe, dikodar take dawowa hayyacinta da kanta.

Yanzu CD-4. Shi ba cusawa yake yi ba. Sautin da ake ji yana nan yadda yake a faifai, sai aka ɗora bayanin da zai raba gaba da baya a kan wata igiya ta kHz 30, sama da inda kunnen ɗan'adam yake kaiwa, tana yawo har wajen kHz 45. Rabon da yake bayarwa na gaskiya ne, amma shi ne mafi tsada da rigima. Sai da kan garmaho da ke iya karanta wannan tsayi, da allura mai yankan Shibata ko dangoginta masu siririn baki, da wayar garmaho ta musamman wadda ba ta shanye sautin sama. Faifan da aka taɓa ci da allura mai kauri, ko aka bar shi da ƙura, igiyar takan lalace, abin da zai fito sai ƙara kamar ana yage takarda. Akan saita shi da wani ƙaramin faifan gwaji da yake zuwa tare da na'urar, yawanci kuma ya ɓace. Shawarata ka gyara sashen don ya zauna da rai, amma kada ka sa shi a gaba. In ma za ka sayi garmaho daga Amurka, bincika injinsa, domin wasu da bugun wutar gari suke auna gudunsu, tasu 60 ce tamu 50, faifai zai riƙa jan ƙafa.

To me za ka saurara? Faifan SQ sun fi fitowa daga Columbia da EMI, na QS daga irin su ABC da Pye, na CD-4 daga RCA, Warner, Elektra da Atlantic. A nan samun su sai an dace. Amma akwai hanya biyu da suka fi sauƙi. A fuskar na'urarka akwai wurin da aka rubuta Synthesizer, mai zaɓin Surround da Hall. Wannan yana ɗaukar sitiriyo na yau da kullum, ko daga waya ne, ya shimfiɗa shi a lasifika huɗu, kuma wallahi a kan ɗauka mai kyau abin yana da daɗi ƙwarai. Yawancin masu irin wannan Sansui a nan suke yini. Tsohuwar ɗauka mai hanya ɗaya, irin ta makaɗanmu da gidajen rediyo suka yi a da, ba abin da zai raba a cikinta, kada ka zargi na'urar. Hanya ta biyu, kamfanoni irin su Rhino da Dutton Vocalion sun sake fitar da tsofaffin ɗaukar hanya huɗu a faifan Blu-ray da SACD. In ka sami na'urar kunna su mai mafita daban-daban a baya, sai ka shigar da huɗun kai tsaye. Lasifika su zama masu om 8, gara duka huɗun iri ɗaya, a jona jan waya da baƙa daidai a kowacce, don in ɗaya ta juye rabon ya rushe.

Wuta kuwa, kada ka ɗora ta a kan ƙaramin janareta, kuma in inbata ce ta zama mai tsabtatacciyar igiya. In an ɗauke wuta, kashe ta kafin a dawo da ita. Bar mata sarari a sama ta sha iska. Canza fitilun fuskarta zuwa LED yana rage zafi, amma zaɓi masu launin ɗumi irin na asali, ka kuma adana tsofaffin.

Batun tarawa. Babbar yayar taka ita ce QRX-9001, wat 60 sau huɗu, ita ce burin masu son QS. Ciwonta sananne ne: fanel mai fuska biyu da aka haɗa da 'yan ƙusoshi, dalmarsu tana tsagewa, hanya ta riƙa ɗaukewa, sai an bi su ɗaya-ɗaya an sake. Marantz 4400 ta 1974, wat 50 sau huɗu ko 125 sau biyu, ita ce mai kyan gani, da ƙaramin osiloskop a fuskarta, kuma ita ce mai tsada. Sai dai dikodar SQ ɗinta wani ɗan akwati ne da ake cusawa ta ƙasa, SQA-1 ko SQA-2, CD-4 kuma na'ura ce daban. Leƙa ƙasan kafin ka yi ciniki, sau da yawa ramin fanko ne. In kwalbar osiloskop ɗin ta mutu, samun wata aiki ne babba, kuma wutar da ke wurin tana da haɗari. Ƙanwarta 4270 ta fi sauƙin samu da riƙewa. Pioneer QX-949, wat 40 sau huɗu, gini ne mai ƙarfi, sashen CD-4 ɗinta ba laifi, amma dikodarta ba ta kai ta Sansui ba. In da zaɓi ɗauki QX-949A da aka inganta. Na JVC kuwa wajen CD-4 suka fi ƙarfi, tunda gidansu ne. Ka yi hattara da waɗanda aka yi don kasuwar cikin Jafan: bolt 100 suke ci, FM ɗinsu kuma daga 76 zuwa 90 ne, yawancin tashoshinmu ba za su kamu ba.

Manyan cikinsu sun haura kilo 20, don haka kuɗin jirgi da haɗarin fashewar gilashi a hanya suna cikin farashi. Wadda ka gani da idonka a wajen 'yan gwanjo, mai ƙura, wadda ba a taɓa buɗewa ba, ta fi mini wadda ake cewa an gyara amma ba a nuna abin da aka canza ba. Kwance murfin a gaban mai kaya, ka duba IC ɗin dikoda suna nan, ba wayoyin tsallake, ba ramin fanel da aka cire. Kuma tunda QRX-7001 ce a hannunka, sayayyarka ta biyu ba sai ta zama wata ƙira ba. In ka ci karo da matacciyar 'yar'uwarta da araha, ko da taransifomarta ta ƙone, ɗauke ta ka ajiye saboda IC ɗinta da maɓallanta da gilashinta.